Gwanjon intanet: Idan kuɗi sun fita kaya ba su fito ba, littafin wa za a buɗe?

Daga ranar 20 zuwa 27 ga Janairun 2025, Hukumar EFCC ta kaɗa wa motoci sama da 800 ƙararrawa, motocin da kotuna suka ƙwace suka mallaka wa Gwamnatin Tarayya. Ba a tara jama'a a fili ba. Ta intanet aka yi cinikin, a shafukan dillalan gwanjo da hukumar ta ɗauka.

Tun kafin a rufe, ƙorafi ya cika gari. Wasu suka ce shafin ya ƙi buɗuwa sam. Wasu suka ce sun taya, sai kawai suka tarar an rufe musu ƙofa ana gab da tashi. Wasu kuma suka riƙa yaɗa hotunan tayin da ya ninka kuɗin sabuwar mota sau da yawa, a kan motar da ta shekara tana shan rana. Kakakin hukumar, Dele Oyewale, ya amsa cewa an samu tangarɗa, ya danganta ta da yawan masu shiga, waɗanda ya ce sun haura mutum miliyan huɗu, da kuma raunin intanet a wasu sassan ƙasar. Ya ƙara da cewa hukumar tana jiran rahoton dillalan, kuma za ta duba duk ƙorafin da yake da tushe.

A wannan magana ta ƙarshe gizo ke saƙar. Dillalan da ake ƙorafi a kansu su ne masu riƙe da rajistar wanda ya taya, da nawa ya taya, da ƙarfe nawa tayin ya shiga, kuma daga rahotonsu za a gane wane ƙorafi ne mai tushe. Mai tayi ba shi da komai a hannu sai hoton da ya ɗauka a fuskar wayarsa, in ma ya tuna ya ɗauka. Haka tsarin gwanjon intanet yake a Najeriya, na hukuma da na 'yan kasuwa: littafi ɗaya ne, yana hannun mai sayarwa, kuma shi ne alƙalin farko idan an samu saɓani.

Daga Mainika zuwa shafin gwanjo

Mainika mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Gwarzo, a yammacin Jihar Kano, yankin da ya haɗa iyaka da Jihar Katsina. Manoma ne da 'yan kasuwar hatsi da masu kiwo, sai malaman makaranta da ma'aikatan ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo. Mai karatu zai iya tambayar abin da ya haɗa irin wannan gari da gwanjon motocin Kwastam ko na EFCC. Farashi ne ya haɗa su. Tun da aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017, sannan darajar Naira ta faɗi bayan sakin ta da aka yi a Yunin 2023, motar hannu ta fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, motar ɗaukar kaya kuma ta fi ƙarfin mai kai masara da dawa Dawanau. Duk wanda ya ji an ce gwamnati na sayar da mota a kan rabin kuɗinta, dole kunnensa ya tashi.

Alƙawarin da gwanjon intanet ya zo da shi kuwa daidai yake da buƙatar irin wannan mutum: ba sai ya san wani a Abuja ba, ba sai ya samu takardar wani babba ba, daga ƙauyensa zai taya kamar kowa. Alƙawarin ba ƙarya ba ne. Sai dai an buɗe ƙofar shiga ga kowa, ba a tanadi ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba idan ciniki ya cije.

Mutanen wannan yanki ba baƙin tayi ba ne. Kasuwar Getso, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin dabbobi na Jihar Kano, a ƙaramar hukuma ɗaya take da Mainika. A kara, mai saye yakan taya, mai dabba ya ce albarka, dillali ya yi ta kai gwauro yana kai mari har a sallama. Ana ƙirga kuɗi a gaban mutane, dillali ya cire la'ada, a yanki rasit. Idan daga baya aka ce san na sata ne, ko an ɓoye masa ciwo, ko ragowar kuɗi ba ta cika ba, an san inda za a nufa: dillalin yana nan a rumfarsa ranar kasuwa mai zuwa, shugabannin kara suna nan, waɗanda suka tsaya a wurin ma suna nan. Ba wai kara gidan waliyyai ba ne. Akwai dillalin da zai sayar a kan farashi ɗaya ya faɗa wa mai dabba wani. Amma labarin cinikin ba ya hannun mutum ɗaya, kuma dillali yana da abin da zai rasa, wato sunansa, wanda shi ne jarinsa.

Malaman fiƙihu ma sun daɗe da sanin wannan ciniki. Suna kiran sa muzayada, kuma mazhabar Malikiyya ta halatta shi. Abin da aka haramta shi ne najashu, wato mutum ya ƙara tayi ba don yana nufin saye ba, sai don ya tura wani ya biya da tsada. Kuma ba a banza ba aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ta zo a kan rubuta bashi da kafa shaidu. Gwanjon intanet ya riƙe rubutun, amma shaidun sun ɓace.

Darasin 2017

Hukumar Kwastam ce ta fara gwada wannan hanya da faɗi. A farkon Yulin 2017, ƙarƙashin Kanar Hameed Ali mai ritaya, ta buɗe shafin gwanjon kayan da ta kama, bayan shekaru ana zargin cewa tsohon tsarin rabon takardu ya zama hanyar azurta 'yan lele. Sharaɗin shiga shi ne lambar biyan haraji ta TIN, da adireshin imel, da kuɗin shiga Naira 1,000 da za a zuba a asusun mai tayi na cikin shafin.

Matsalar farko da aka ci karo da ita ta biyan kuɗi ce. Bankin Jaiz kaɗai ya shirya a makonnin farko, saboda haka mutane da yawa suka kasa zuba ko da kuɗin shigar, har shugaban hukumar ya tara manyan bankuna ya zarge su da yi wa shirin zagon ƙasa. Daga baya sauran suka shigo. Matsala ta biyu ita ce najashu da sabuwar riga. Tsarin ya ce idan wanda ya yi nasara bai biya ba, kaya su koma hannun na biyu. Sai wasu suka gano dabara: ɗaya ya yi tayi mai sauƙi, abokinsa ya ɗora wani tayi na fitar hankali wanda zai kori kowa, sannan ya ƙi biya, kaya su faɗo wa na farko a arha. Hukumar ta soke wannan dama ta mutum na biyu, ta koma mayar da kayan kasuwa. Wanda ya ga tayin da aka riƙa yaɗawa a gwanjon EFCC bayan shekara bakwai da rabi zai ce ciwon bai warke ba.

A Janairun 2024, ƙarƙashin Bashir Adewale Adeniyi, Kwastam ta sake buɗe shafin da sabon fasali. Ana tayi ranar Talata daga ƙarfe 12 na rana zuwa 6 na yamma. Wanda ya yi nasara yana da kwana uku ya biya, da kwana bakwai ya kwashe kayansa, kuma akwai harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 a kan kuɗin tayin. Bayan zagaye biyar, kakakin hukumar, Abdullahi Maiwada, ya ce an saka motoci 476, an ci 462, an tara sama da Naira miliyan 556. Adadi ne mai daɗin ji ga baitulmali. Amma lissafin da ya fi amfanar ɗan kasuwa wani ne daban: mutum nawa aka cire wa kuɗi shafin bai nuna ba, mutum nawa aka mayar wa, kuma cikin kwana nawa.

Littafi uku, agogo biyu

Duk cinikin gwanjon intanet yana ratsa littafi uku. Akwai na banki, wanda ke cewa kuɗi sun fita daga asusu kaza. Akwai na shafin gwanjo, wanda ke cewa an biya wa kaya mai lamba kaza ko ba a biya ba. Akwai kuma na ma'ajiya, inda jami'i ke duba takarda kafin ya buɗe ƙofa. Idan ukun suka yi magana ɗaya, babu wanda zai ji labari. Rigima tana tasowa ne idan ɗaya ya saɓa, kuma mafi yawan lokaci ba sata ba ce. Saƙo ne ya maƙale tsakanin banki da shafi, ko an tura kuɗi da lambar biya ta wani kaya, ko an biya kuɗin tayi an manta da haraji, sai na'ura ta ɗauka ba a biya ba gaba ɗaya.

A ɗauka wani mai sayar da hatsi a Mainika ya ci ƙaramar motar ɗaukar kaya ranar Talata da yamma. Ranar Laraba ya tura kuɗi, aka cire masa, shafin bai nuna ba. Umarnin da Babban Bankin Najeriya ya bayar a Yunin 2020 ya ba bankuna awa 72 su warware cinikin POS ko na intanet da ya maƙale. Awa 72 kwana uku ke nan cif. Wato bankin yana iya cika ƙa'idarsa ba tare da laifi ba, a daidai lokacin da wa'adin gwanjon ya riga ya ƙare tun jiya. Idan bankin ya yi jinkiri, ƙa'idar Babban Banki ita ce a ba shi mako biyu kafin a kai ƙara Sashen Kare Haƙƙin Abokan Hulɗa. Kafin nan motar ta daɗe da komawa kasuwa.

Zaɓi biyu ya rage wa mutumin, kuma babu mai daɗi. Ko dai ya nemo wasu kuɗin ya sake biya, ya koma neman a mayar masa da na farko, ko ya jira ya rasa motar, wataƙila ma a saka lambarsa cikin waɗanda suka ci suka ƙi biya. Mai jari a Kantin Kwari ko Singa zai iya biya sau biyu ya jira. Wanda ya sayar da shanu biyu da buhunan waken suya kafin ya haɗa kuɗin ba zai iya ba. Nan ne daidaiton da aka yi alƙawari yake karyewa, ba tare da kowa ya ci hanci ba.

Idan kuma kuɗin biyu duka suka shiga, wata doguwar tafiyar ce. Tun 2015 kuɗaɗen shigar Gwamnatin Tarayya asusun bai-ɗaya na TSA suke nufa a Babban Banki. Shiga cikin daƙiƙa ne, fita kuwa sai takarda ta bi tebur-tebur, an tabbatar, an amince, an sa hannu. Ma'aikatan gwamnati da ke karanta wannan sun fi kowa sanin tsawon rayuwar fayil ɗin da ba shi da mai bin sa.

Mai kuɗi daban, mai suna daban

Akwai wata matsalar da ba ta cika bayyana a sanarwar hukumomi ba, amma ita ce ta fi kusa da garuruwa irin Mainika. Da yawa daga masu kuɗin saye ba su da TIN, ba su da imel, ba su kuma saba da cike fom a waya ba. Abin da aka saba yi shi ne a nemi wani yaro ɗan boko a dangi, ko mai shagon kwamfuta a Gwarzo ko cikin birni, a yi rajista da sunansa. Ranar biya a kai tsabar kuɗi wurin mai POS ya tura daga asusunsa. Ranar ɗauka a aiki direba. Wani lokaci ma mutum uku ko huɗu ne suka yi karo-karo.

Ciniki ɗaya, suna huɗu. A idon shafin gwanjo, mota ta mai TIN ce. A idon banki, kuɗi na mai POS ne, kuma shi kaɗai za a saurara idan an zo ƙorafi, asusunsa kuma za a mayar wa kuɗin idan sun dawo. Ainihin mai dukiya ba ya cikin kowane littafi. Muddin komai ya tafi daidai, amana ta isa. Ranar da kuɗi suka dawo asusun mai POS bayan mako uku, suka cakuɗe da cinikin ɗaruruwan mutane, ko ranar da mai TIN ya ga motar ta yi masa kyau, sai a gane cewa babu takarda ko ɗaya da ke ɗauke da sunan wanda ya sayar da shanunsa.

Maganin wannan bai buƙatar jiran Abuja. Takarda ce guda, da Hausa ma ta wadatar, ko da boko ko da ajami, mai cewa wane ya ba wane kuɗi kaza don ya taya masa kaya mai lamba kaza, da hannun shaidu biyu, in so samu ne a gaban mai unguwa ko dagaci. Sannan a biya daga asusun wanda sunansa ke kan rajista, ba daga na mai POS ba, ko da hakan na nufin tafiya banki a bi layi. Mutane kan ji nauyin neman rubutu daga ɗan'uwa, kamar an ce ba a yarda da shi ba. Nauyin da ake ji a zauren sulhu bayan an ɓata ya fi wannan.

Sifili ɗaya

Kuskuren rubutu kansa iri-iri ne. Mafi sauƙin faruwa shi ne na yatsa: mai nufin Naira 2,500,000 ya ƙara sifili ɗaya a ƙaramar waya, ana saura minti biyu a rufe, sai ya wayi gari ya ci mota a kan miliyan 25. Wani ɓangare na tayin fitar hankali da ake gani yana iya zama irin wannan, ba najashu ba, amma na'urar da ba ta tambayar mutum ko ya tabbata ba za ta bambance su ba.

Ba ƙananan 'yan kasuwa kaɗai ke wannan ba. A Disambar 2005, wani ma'aikacin kamfanin Mizuho a Japan ya so sayar da hannun jari ɗaya a kan Yen 610,000, sai ya rubuta hannun jari 610,000 a kan Yen ɗaya. Kamfanin ya gane nan take, ya yi ƙoƙarin sokewa, na'urar kasuwar hannun jari ta Tokyo ta ƙi karɓa. Asarar ta kai kusan Yen biliyan 40. Abin lura shi ne hukuncin da kotu ta yanke a 2009: ta ɗora wa kasuwar wani kaso na laifin, ta umarce ta ta biya sama da Yen biliyan 10, domin mai shafi yana da alhakin samar da hanyar gyara kuskure.

Kuskuren ɓangaren mai sayarwa ya fi wannan wuyar kamawa. Lambar jikin mota haruffa da lambobi 17 ce. Idan magatakarda ya musanya guda ɗaya, takardar da mai saye zai riƙe ba ta motar da ke gabansa ba ce, kuma ba lallai ya gane ba sai ranar yin lamba, ko ranar da jami'ai suka tare shi a hanyar Gwarzo zuwa Dayi suka ce takardunsa ba su dace ba. Haka nan hoton wata mota a kan lambar wata, ko shekarar ƙira da aka rubuta ba daidai ba. Gwanjo dai a yadda aka ga kaya ake saye, wannan tsohuwar ƙa'ida ce. Amma sayen kaya a yadda suke daban ne da sayen kaya a yadda aka rubuta su bisa kuskure. Mutumin Mainika ba zai je Legas ko Fatakwal ya duba mota kafin ya taya ba. Rubutun shi ne idonsa.

A ƙasa da wannan duka akwai ƙaramin gwanjon da ake yi kullum a WhatsApp da Facebook da TikTok, na atamfa da leshi, da wayoyin Farm Centre, da raguna idan layya ta matso. Nan littafin ma saƙonni ne da ake iya gogewa, rigimar kuma ba ta wuce alat na bogi, ko mutum biyu da kowa ke cewa shi ya riga. Sai kuma 'yan damfara masu buɗe shafuka da hotunan manyan jami'an Kwastam, waɗanda hukumar ta sha gargaɗi a kansu. Alamarsu ɗaya ce: za su ce a tura kuɗi asusun wani mutum.

Ƙofofin da ake da su

Doka ba ta bar mai tayi hannu rabbana ba, sai dai makaman a warwatse suke. Kowace taransifa tsakanin bankuna tana da lambar shaida mai tsawo da ke kan rasit, kuma da ita ake bin sawun kuɗi, ba da hoton alat ba. Takardar bayanin asusu mai hatimin banki ta fi hoton waya nauyi nesa ba kusa ba. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya amince da shaidar da ta fito daga na'ura, amma da sharaɗin a haɗa ta da takardar da ke bayanin na'urar da yadda aka samo shaidar, abin da ke kayar da masu ƙara da yawa tun a bakin ƙofa.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takardu daga hukumar gwamnati, kuma ta ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Babu abin da ya hana mai tayi ya nemi rajistar tayin kayan da ya nema. Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta ba mutum haƙƙin a gyara bayanansa idan an rubuta su ba daidai ba. Akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a ta Tarayya, wadda aka kafa a 1975, mai ofishi a Kano, kuma ba a biyan ta ko sisi. Akwai Hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye.

Idan rigimar tsakanin mutum da mutum ce, kamar mai kuɗi da mai TIN, ko mai saye da mai gwanjon WhatsApp, Jihar Kano tana da kotunan ƙananan basussuka da aka buɗe a farkon 2019, waɗanda aka tsara su gama shari'a cikin kwana 60 ba tare da dole sai da lauya ba. Kotunan shari'ar Musulunci ma suna sauraron irin wannan. Amma idan abokin rigimar Kwastam ce, sashe na 251 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya keɓe al'amuran kwastam ga Babbar Kotun Tarayya. Wanda ke bin Naira 400,000 zai yi lissafin kuɗin lauya da na zirga-zirga daga Gwarzo zuwa Kano, ya haƙura. Kuskure da yawa a haka suke mutuwa, ba don an gyara su ba.

Kamfanin eBay na Amurka, wanda ya fara gwanjon intanet a 1995, ya gane tun da wuri cewa kotu ba za ta iya da irin wannan ba. Ya gina zauren sasanci a cikin shafin kansa, wanda aka ƙiyasta yana warware saɓani kusan miliyan 60 a shekara, mafi yawa ba tare da mutum ya sa baki ba. Ba tausayi ne ya sa shi ba. Ya lura cewa wanda aka warware wa matsala da sauri yakan dawo ya sake saye. Hukumar gwamnati ba ta da abokin gasa, don haka babu abin da zai tilasta mata sai ƙa'ida a rubuce.

Ƙa'idar kuwa ba ta buƙatar sabuwar doka daga Majalisa. Dokar Sayayyar Gwamnati ta 2007 ta riga ta sanya gasa a fili a matsayin babbar hanyar sayar da kadarorin gwamnati, Dokar Sarrafa Dukiyar da Aka Ƙwato ta 2022 kuma ta shimfiɗa yadda hukumomi irin EFCC za su tafiyar da abin da suka karɓo. Gasa ba ta zama a fili ba idan sakamako kawai aka nuna. Bayan kowane zagaye, ya kamata a wallafa jerin tayin kowane kaya, da adadi da lokaci, ko da an sakaya sunaye, ta yadda wanda ya ce shi ne na sama ƙarfe 5:59 zai gani da idonsa ko haka ne. Kwafin wannan rajista kuma ya kasance a hannun wani da ba shi ke sayarwa ba, kamar ofishin Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya, tun a ranar da aka rufe.

Mafi gaggawa dai shi ne agogo. Duk wanda ya gabatar da lambar shaidar biya a cikin wa'adi, kamata ya yi kwanakin su tsaya a kansa har banki ya amsa, kada a mayar da kayan kasuwa, kada kuma a hukunta lambarsa. Sharuɗɗan da suka ce a biya cikin kwana uku su faɗi ƙarara cikin kwana nawa za a mayar da kuɗin da aka biya sau biyu, da sunan ofishin da ke da alhakin haka. Kuma a samar da tebur ɗaya a ofishin Kwastam na shiyyar Kano da Jigawa da ke Bompai, inda mutumin Mainika ko Garo ko Getso zai kai rasit ɗinsa da Hausa, a ba shi lambar ƙorafi da ranar da zai dawo.